Rigar Ta Faɗi Nan, Wayar Ta Faɗi Can

Shafi na 23

Masu cika mini waya da vokal, saƙon murya, tun safe, na ji ku. Masu cewa Nuriya ta cika taurin kai kuma, ku gyara zama ku karanta wannan tukuna.

*

Alhaji Alfari bai yi sallama ba.

Wayar ya fara ajiyewa a kan teburin, fuskarta sama, ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Sannan ya ajiye rigarta a gefe, baƙar roba mai kaurin kusurwa, ko ƙwarzane ɗaya babu a jikinta.

"Ga kayanki."

Nuriya ta ɗago kai. Jiya da la'asar ta sauka daga Dosso, bayan sati biyar tana fama da konkur, jarrabawar neman aikin gwamnati, karo na uku ke nan. Ko gama rataye rigunan waya a igiya ba ta yi ba.

"Ina kwana, Alhaji."

"Kwanan ke nan kike gani a gabanki."

Shi ne sarkin tashar kamiyo, manyan motocin ɗaukar kaya. Shi ya ba ta wannan inuwar, gindin dogon yaro, tsakanin mai shayi da mai facin taya. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a ɗage teburin kafin azahar, kuma duk wanda ke wurin ya san haka.

"Subhanallahi. Daga ina ta faɗi?"

"Daga matakalar kabin ɗin mota. Ba daga saman kaya ba, ba daga gada ba. Matakala." Ya nuna tsayin da hannu, daidai ƙirjinsa. "Ina ɗaga ƙafa ta zame daga aljihu. Rigar ta faɗi nan. Wayar ta faɗi can, gindin taya. Kamar mata da miji sun yi faɗa, kowa ya kama gabansa."

Mai shayi ya yi dariya a cikin kofi. Direbobi uku da ke kan benci suka juyo da jikinsu gaba ɗaya.

"Ba ke ba ce kinka hau kabin kinka saki waya, anka ɗauki bidiyo?" in ji Alhaji. "Ya zagaye wasap har Malanbil, har Kamba. Mi kinka ce a ciki? Maimaita mini."

"Na ce rigar teburina ba ta sakin waya."

"To ga shi ta saki."

"Alhaji, bari in duba."

"Duba. Ni ban san boko ba. Duk aikina a bakin wayar nan yake. Mota tara a hanya, tun jiya ban ji muryar ko ɗaya ba. Ban san wanda ya isa ba, ban san wanda taya ta fashe masa ba."

Ta ɗauki rigar ta juya cikinta. Addu'a take yi a ranta kada ta ga abin da take tsoro.

Yana nan. Ƙaramin harafin N da farin alƙalami, rubutun hannunta, da nimeron wayar da aka yi rigar dominta. Haka take yi wa kowace riga ranar da ta buɗe kwali, tun da ta fara sana'ar.

Ta dubi nimeron. Ta dubi bayan wayar Alhaji.

Ba su zo ɗaya ba.

Irin wayar nan biyu ce, ƙarama da babba, suna ɗaya, kama ɗaya, sai dai babbar ta fi da kamar faɗin farce. Wayar Alhaji ƙaramar ce. Rigar ta babbar ce.

Ta sa wayar a ciki. Ta faɗa salin alin, ba turawa, ba dannawa. Nuriya ta zura ɗan yatsanta a gefe, ya shige.

"Wannan ba rigar wayarka ba ce, Alhaji."

"Ba a teburinki anka saye ta ba?"

"A teburina ne."

"To ta wa ce, ta maƙwabcina?"

"Yaushe ka saye ta?"

"Sati uku."

Sati uku da suka wuce tana Dosso, a ɗakin ƙawarta, tana haddace dokokin da ba za a tambaye ta ba. Ta san wanda ta bar wa teburin.

Sai ta ce, "Mi kake sawa a bayanta?"

"Abin da kowa ke sawa."

"In gani."

Ya yi tsaki, ya zura hannu a aljihu, ya zube su a kan teburin. Pus biyu, wato katin layin waya, a nannaɗe cikin ledar alewa. Katin shaida. Takardar duwan, ta 'yan kwastan, an ninke ta sau huɗu. Ɗan ƙarfen cire pus. Da tsinken sakace guda, har ya yi baƙi.

Wannan karon har mai faci ya dara.

"Duk wannan a bayan waya?" in ji Nuriya.

"Ina kike so in sa su, a baki? Nan Gaya ne, Madam Lisans. Mutum ya karya kumallo da layin Nijar, ya yi azahar da layin Najeriya, la'asar Kwatano na nemansa a layin Benin. Waya rami biyu gare ta, ƙasa uku gare mu. Wa bai ajiye nasa a bayan foshet, rigar wayarsa? Kai, ba ka yi?"

"Ina yi," in ji direban farko.

"Har hoton mai ɗakina na nan," in ji na biyun.

"Alhaji, riga ba jaka ba ce," ta ce, tana ƙoƙarin kada muryarta ta hau. "Aikinta ta kama kusurwa huɗu ta riƙe gam, bakinta ya ɗan fi gilashin tudu. In waya ta faɗi, roba ta sha bugun. In akwai sarari a ciki, tana taɓa ƙasa za ta tofo wayar waje. In ka cusa takardu kuma, su ke turo gilashin gaba, shi zai fara gaisawa da tsakuwa."

"Kun ji an fara darasi."

"Ba darasi ba ne. Abin da nake faɗa wa kowa ne kafin ya saya."

"Ni ba wanda ya faɗa mini. An ce mini wannan ita ce daidai ni." Ya dafa teburin da hannu biyu. "Ba biya na zo nema ba, ɗiyata, kada ki ɗauka shi ne. Ni na tsaya gaban mutane na ce a bar ki a nan. Anka ce mace mai takardar jami'a mi za ta yi cikin direbobi, na ce gaskiya za ta yi. Yau yaran da na koya wa tuƙi suna mini dariya."

Kafin ta amsa, ƙamshin soyayyen kifi ya iso.

Safi ce, yayarta uwa ɗaya uba ɗaya, da tire a ka. Shekara goma sha ɗaya tana sayar da kifi a tashar nan. Ita ce wadda Nuriya ta bar wa teburin. Tana hango wayar da rigar a ajiye daban-daban sai ta rage tafiya, ta fara juyawa wajen masu lodin dankalin Bengou.

"Yaya Safi."

"Ina zuwa, ana kirana can."

"Ba mai kiranki. Alhaji, ka ba ni minti biyu."

Ta kama hannun yayarta ta ja ta bayan itacen, inda mai faci ke jibge tsoffin tayoyi. Safi ta sauke tiren a kan ɗaya, ta gyara ɗaurin zani, ta tsaya tana kallon sama.

"Ke kinka ba shi?"

"Ni na ba shi."

"Kin ga nimeron da na rubuta a ciki?"

"Na gani."

"Na zaunar da ke kwana biyu ina nuna miki. Na ce nimeron riga da na waya su zo ɗaya. In ba su zo ɗaya ba, ki ce babu."

"Kin faɗa."

"To mi ya faru?"

"Abin da ya tambaya na ba shi, Nuri. Na sa masa ta daidai ɗin, ya ce ina zai sa pus. Na ce ba wuri. Ya ajiye zai tafi. Na ɗauko ta gaba da ita, komai nasa ya shige, ya yi ta sa mini albarka."

"Albarkar ke nan a kan tebur."

"Kada ki yi mini baƙar magana, na goya ki."

Nuriya ta runtse ido. Ta buɗe.

"Shi kaɗai ne?"

Safi ta ɗauki kifi ɗaya ta juya shi, ta mayar.

"Yaya. Shi kaɗai ne?"

"Kowa ya zo abin da yake cewa ke nan. A ba ni wadda pus zai shiga. Ke sai ki tsaya kina musu bayani da faransanci har shayinsu ya huce, su tashi su tafi kasuwa su saya a wurin wanda bai tambayar komai. Ni na ga kaya na kwana, na ga mutane na so. Mi zan yi?"

"Guda nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Kwatanta."

"Kwalin nan biyu da ke ƙarƙashin gado."

Nuriya ta zauna a kan taya ba tare da ta yi niyya ba. Jiya ta ga kwalayen babu kaya, ta yi hamdala, har ta rungume yayarta.

"Duka?"

"Abin da na fitar a sati biyar, ba ki fitar da shi a wata shida ba. Jiya kina murna."

"Jiya ban san kin raba wa rabin tasha takalmin da ya fi ƙafarsu ba."

"Ba wanda ya dawo sai shi."

"Don ba wanda tasa ta faɗi sai shi. Gobe wani ne. Jibi wani."

"To sai ki ce masa hannunsa ne. Ki ce takardunsa ne. Ki ce ƙaddara ce, wa zai yi gardama da ƙaddara?"

"Sunana ne a cikin robar nan, Yaya. Da hannuna na rubuta."

"Suna." Safi ta taɓe baki. "Suna ake ci?"

Wata huɗu Nuriya ta tuna, tana yawo tsakanin motoci da tire a ka da lisans, takardar jami'arta, a cikin akwati. Ana ce mata Madam Roba. Wani ya taɓa tambayarta ko a jami'a ake koyar da talla. Ta mayar da kwali guda cur zuwa Kamba saboda bakin rigunan bai kai gilashi ba, ta yi sati biyu teburinta fayau, ana mata dariya. Ba ta da shago, ba ta da miji mai mota, ba ta da kawu a ofis. Abin da ta tara a shekara biyu shi ne in direba ya ce "ta Nuriya ce", ba a ƙara tambaya.

Safi ta sunkuyo, muryarta ta sauka.

"Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki kira sunana a gabansa. In ya kore ki, kina da takarda. In ya kore ni, yara huɗu gare ni da kasko ɗaya."

"Takardar da ta kai ni Dosso sau uku ta dawo da ni?"

"Kala suru, ki yi haƙuri, Nuri. Don Allah."

Nuriya ta miƙe, ta kakkaɓe bayan zaninta.

Da ta zagayo, mutanen da ke gaban teburin sun fi talatin. Labari ya riga ya bi layin motoci. Wasu da kofin shayi, wasu da asawaki, wani ya hau kan tankin motarsa don ya fi gani. An kawo wa Alhaji kujera.

"Kun gama shawara?"

"Alhaji, kuskure ne daga teburina. Rigar ba ta wayarka ba ce. Na ɗauka."

"Kuskure ɗaya?"

Ta kawar da ido. Ya lura.

"Ba na son dogon zance," ya ce. "Da bidiyo kinka shigo tashar nan, da shi za mu raba. Ga motar can. Ki hau kabin, ki saki waya mai rigarki a gaban kowa, kamar yadda kinka yi wancan karon. In ta tashi lafiya, tawa tsautsayi ne, na yafe, ki ci gaba da zamanki. In ta fashe, ki naɗe igiyarki yau."

"Na yarda." Ta zaro wayarta daga jaka.

"A'a."

"Rigar teburina ce a jikinta."

"Taki? Wadda kinka zauna kinka zaɓa wa kaya kamar amarya? Ta ɗaya daga cikinmu za ki saki. Irin wadda kike sayar mana." Ya juya ga taron. "Wa zai bayar?"

Ba wanda ya motsa. Mai hoton matarsa ya mayar da tasa aljihu a hankali, ya dafe.

"Kun gani?" in ji Alhaji. "Ko su ba su yarda ba."

"Ga tawa."

Muryar daga baya ta fito. Aka buɗa hanya.

Baba Alassan ne, tsohon direban da ya fi kowa daɗewa a kan hanyar Dosso, yana jan ƙafarsa ta hagu kamar kullum. A kabin ɗinsa aka ɗauki bidiyon farko. Shi ne mutum na farko da ya saya a tirenta, ranar da ba wanda ya ko dube ta.

"Alassan, ka yi tunani," in ji Alhaji. "Ɗanka ya aiko maka ita."

"Na yi. Shekara biyu ina yarda waya a ƙasa, ta faɗi a Dioundiou, ta faɗi a ramin gareji, ba ta taɓa ko tari ba. Ɗiyar nan ba ta ƙarya." Ya miƙo mata da hannu biyu, yana murmushi da sauran haƙoransa. "Amshi, ɗiyata. Ki rufe musu baki mu je mu sha shayi."

Rigar shuɗiya ce, sabuwa fil. Ba ita ta sa masa ba. Wadda ta sa masa ruwan toka ce.

"Baba, ina tsohuwar?"

"Ta tsufa kamar mai ita. Na sake sati biyu da sunka wuce. Ba ki nan, amma tebur ai ɗaya ne."

Can bayan taron, Safi ta ɗora tirenta a ka. Ba ta tafi ba, ba ta matso ba.

Nuriya ta karɓa.

Ta taka zuwa motar. Ta tattare zaninta da hannu ɗaya, ta kama ƙarfen ƙofa, ta hau matakala ta farko, ta biyu. Ƙarfen ya ɗau zafin hantsi. Daga sama ta ga kawunansu duka, da wayoyi biyar ko shida da aka ɗaga ana ɗaukarta. Ƙasa kuwa tsakuwa ce da busasshen taɓo mai taurin dutse.

Ta miƙa hannu waje.

A nan ta ji shi. Wayar ta motsa a cikin rigar, kaɗan, ta zame ƙasa ta bugi roba. Ta karkata hannun. Ta sake zamewa ta koma.

Tana iya dacewa. In ta sake ta a kwance, bayanta ƙasa, wataƙila robar ta riƙe. Ta san yadda ake yi, ta yi gwaji da matattun wayoyi ya fi sau ɗari a tsakar gidansu. Sau ɗaya kawai ake bukata. Tebur ya tsira, Safi ta tsira, kowa ya watse.

Sauran kwali biyun kuma suna aljihun mutane, suna hawa matakala suna sauka.

"Muna jira, Madam Lisans," in ji Alhaji.

Baba Alassan ya ɗaga mata kai, wai ta saki.

Nuriya ta janyo hannunta.

Ta sa babban yatsa a kusurwa ɗaya, ta ɗan tura. Wayar ta fito kamar an zare ƙafa daga silifa. Wata 'yar takarda da pus guda suka faɗo, suka yi ta juyi har ƙasa. Ta ɗaga rigar a hannun dama, wayar a hannun hagu, yadda na kan tanki ma zai gani.

"Ba zan sake ta ba."

"Kin ji tsoro ke nan."

"Ban ji tsoro ba, Alhaji. Na san abin da zai faru ne. Wannan ma ba girmanta ba ne. Baba, ka yafe mini."

Murmushin tsohon ya tsaya a inda yake, bai ƙaru ba, bai tafi ba.

Alhaji ya miƙe daga kujera a hankali.

"Biyu ke nan."

"Sun fi biyu."

"Nawa?"

"Ban sani ba. Duk wanda ya sayi riga a teburina cikin sati biyar ɗin nan, kada ya yarda da ita."

"Ta yaya mutum zai gane?"

Ta san in ta faɗa, ba sauran abin da zai ɓoyu.

"Ya cire abin da ya cusa a baya. Ya mayar da wayar. Ya kai kunne ya girgiza. Rigar gaskiya ba ta magana."

Alhaji bai dube ta ba. Ya juya ga mutanensa.

"Kowa ya fiddo tasa."

Hannuwa suka shiga aljihu. Katuna, takardu, pus, hotuna, duk aka zube a tafin hannu da kan benci. Tashar ta yi tsit, har injin da ke ɗumi a can gefe aka kashe.

Na farko ya kai kunne ya girgiza.

Ƙwas. Ƙwas.

Na biyu.

Na kan tanki.

Daga nan ta daina iya rarrabewa. Ta gaba, ta baya, ta wajen mai shayi, ƙarar ta taso ko'ina kamar ana kaɗa tsakuwa a ƙwarya, mutum fiye da ashirin kowa da waya a kunne, kowa idonsa a kanta.

Alhaji Alfari ya ɗago kai ya dube ta a saman matakala.

"Sati biyar kina Dosso," ya ce. "Wa kinka bar wa teburin?"